Edgar Codd da Rumbun Bayanai: Ƙa'idar Malamai da Larurar Masu Aiki

A yau za mu waiwayi tarihi ne, mu duba wata taƙaddama da aka shafe sama da shekaru 50 ana yi tsakanin malaman lissafi da injiniyoyin kwamfuta, a kan yadda ya kamata a adana bayanai a cikin na'ura. Kada ka ce wannan zancen masana ne, ba ruwanka. Duk lokacin da ka aika kuɗi gida ta waya, ko ka sayi tikitin jirgi, ko aka duba fasfonka a filin jirgin saman Jidda ko na Landan, to wani rumbun bayanai aka buɗe aka nemo sunanka. Yadda aka tsara rumbun nan shi ke sa a sallame ka cikin minti ɗaya, ko kuma a ce ka koma gefe ka jira.

Bari mu fara da misali daga kasuwa, domin a nan matsalar ta fi fitowa fili. Ka ɗauka kai ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa a kan sari, kana da littafin bashi. Duk wanda ya ɗauki kaya sai ka buɗe sabon layi, ka rubuta sunansa, da unguwarsu, da lambar wayarsa, da kayan da ya ɗauka, da kuɗinsu. Abokin cinikinka guda ya zo sau 30 a shekara, ka ga ke nan lambar wayarsa tana wurare 30 a littafin. Ranar da ya canza lamba fa? Ko dai ka bi shafi shafi ka gyara duka, ko kuma ka gyara wasu ka manta da wasu, sai littafin ya riƙa faɗar magana biyu a kan mutum ɗaya. Yaronka na shago ya buɗe shafi na 12 ya ga wata lamba, kai ka buɗe na 40 ka ga wata dabam. Akwai kuma wata illar: idan mutum ya biya bashinsa kaf ka yage shafin, lambar wayarsa ta tafi tare da bashin, alhali kana bukatarta gobe. Wannan ita ce cutar da wani Bature ɗan Ingila mai suna Edgar Codd ya ce ya samo maganinta a shekara ta 1970.

To amma kafin mu kai ga Codd, ya kamata ka san halin da ake ciki a lokacin. A shekara ta 1956 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiyar bayanai na farko na kasuwanci, a cikin wata na'ura da ake kira RAMAC. Faranti 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma dukkansu haruffa kimanin miliyan 5 kawai suke iya ɗauka. Hoto ɗaya ko biyu na wayarka ta yau sun isa su cika shi. Saboda tsadar wuri, masu rubuta manhaja a wancan zamani tamkar matar gida suke a lokacin fari, kowace ƙwaya sai an lissafa ta. Shi ya sa ma suka riƙa rubuta shekara da lambobi biyu kacal, 68 a maimakon 1968, dabarar da ta zo ta tayar wa duniya hankali gab da shiga shekara ta 2000, aka kashe maƙudan kuɗi wajen gyara.

A cikin irin wannan ƙunci aka gina manyan rumbunan bayanai na farko. Amurka na shirin kai mutum duniyar wata, kuma kumbon Apollo da rokar da za ta ɗaga shi suna da ƙananan sassa miliyoyi, dole a san kowane ƙusa a jikin wane sashe yake. Kamfanin IBM tare da kamfanin da ke ƙera kumbon suka haɗa wani tsari da daga baya aka sa wa suna IMS, wanda ya fara aiki a watan Agustan 1968 a jihar Kalifoniya. An tsara shi ne kamar bishiya: kututture, rassa, sannan ganyaye. Roka tana da sassa, kowane sashe yana da nasa ƙananan sassa, haka har ƙasa. Idan tambayarka ta bi hanyar bishiyar, amsa na zuwa nan take. Idan kuwa ka tambayi abin da mai ginin bai yi tunaninsa ba, misali a nuna maka duk wuraren da aka yi amfani da wani irin ƙusa guda, to sai an hau kowane reshe an duba, ko kuma a rubuta sabuwar manhaja.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Charles Bachman, injiniya a kamfanin General Electric, wanda tun farkon shekarun 1960 ya gina nasa tsarin mai kama da saƙar gizo-gizo, inda kowane bayani ke riƙe da adireshin na kusa da shi. A shekara ta 1973 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fagen ilimin kwamfuta, kuma a laccarsa ya kwatanta mai rubuta manhaja da matuƙin jirgin ruwa, wanda shi ne zai nemo hanya da kansa a cikin tekun bayanai. Tsarin yana da sauri ƙwarai. Aibinsa shi ne, da zarar an sauya yadda aka jera bayanan a kan faifai, sai tsofaffin manhajoji su ɓata hanya, a dawo ana gyara.

Shi kuwa Edgar Codd an haife shi ne a shekara ta 1923 a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila. Ya karanta lissafi a jami'ar Oxford, ya tuƙa jiragen sama na sojan Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, sannan ya yi ƙaura zuwa Amurka ya kama aiki da IBM. Mutum ne mai ra'ayi da ba ya tanƙwaruwa: a shekara ta 1953 ya tattara ya koma Kanada saboda fushi da farautar 'yan gurguzu da Sanata McCarthy ke yi, sai bayan wasu shekaru ya dawo. Ya yi digirin digirgir a jami'ar Michigan, daga nan ya koma cibiyar binciken IBM da ke San Jose. A watan Yunin 1970 ya wallafa wata maƙala 'yar gajeruwa a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, kuma kusan duk rumbun bayanan da bankinka ke amfani da shi a yau jikan wannan maƙala ne.

Me ya ce? Abu biyu. Na farko, a daina bishiya, a daina saƙa, a zuba komai a cikin jadawali mai layuka da gurabe, irin wanda kowane akawu ya sani. Alaƙa tsakanin jadawali da jadawali kuma ta kasance ta hanyar abin da aka rubuta a ciki, kamar lambar shaida, ba ta hanyar adireshin faifai ba. Na biyu, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanyar da za ta bi. Wato kamar ka shiga tasi ka ce a kai ka asibiti, ba sai ka riƙa cewa yi dama yi hagu ba.

Daga nan ya fitar da wasu ƙa'idoji na raba bayanai, waɗanda a shirin nan za mu kira su tsefe bayanai, kamar yadda ake tsefe kitso a raba gashi sili sili. Ya kawo mataki na farko a 1970, na biyu da na uku a 1971, sannan a 1974 shi da wani matashi Raymond Boyce suka ƙara tsaurara na ukun. Ronald Fagin ya zo ya ƙara na huɗu a 1977 da na biyar a 1979. Idan ka cire lissafin, ma'anar dukkansu guda ce: kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya, a wuri ɗaya. Mu koma shagon atamfa. Codd zai ce maka ka sayi littafi uku. Ɗaya na abokan ciniki, kowa da lambarsa, da sunansa da wayarsa sau ɗaya tak. Ɗaya na kaya da farashinsu. Na uku na ciniki, inda za ka rubuta cewa mai lamba 17 ya ɗauki kaya mai lamba 5 turmi 10. Ya canza waya? Layi ɗaya za ka gyara, shi ke nan. Ya biya bashi? Sunansa na nan a littafin farko.

Abin ya yi kyau a takarda. To sai dai duk ɗan kasuwar da ke sauraronmu ya riga ya hango matsalar. Mutum na tsaye a gabanka yana jiran ka gaya masa nawa ake binsa, kai kuma sai ka buɗe littafi uku kana haɗa wannan da wancan. A da shafi ɗaya kake dubawa. Wannan haɗe-haɗen jadawali shi ne kuɗin da ake biya don samun tsabtar Codd, kuma a kwamfutocin shekarun 1970 kuɗin ba kaɗan ba ne. Injiniyoyi suka ce malam wannan lissafin allo ne, ba zai ɗauki nauyin banki ba. A shekara ta 1974 har muƙabala aka shirya a wani taron masana a birnin Ann Arbor na jihar Michigan, Codd da magoya bayansa a gefe guda, Bachman da nasa a ɗaya gefen. An tashi kowa na kan bakansa.

Shi kansa kamfanin IBM bai yi rawar jiki ba, domin IMS na kawo masa kuɗi sosai, kuma ba wanda ke gaggawar sare bishiyar da yake cin 'ya'yanta. Da aka amince a gwada, aka kafa wani aikin bincike mai suna System R a San Jose, amma ba a ɗora Codd a kansa ba, kuma ba a ɗauki harshen tambaya da shi ya ƙirƙiro ba. Donald Chamberlin da Raymond Boyce ne suka tsara nasu harshen a 1974, suka sa masa suna SEQUEL, da nufin wanda bai yi zurfi a lissafi ba ma ya iya amfani da shi. Boyce ya rasu a wannan shekarar yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai ga abin da aikinsa ya zama ba. Daga baya aka taƙaita sunan zuwa SQL, saboda wani kamfanin ƙera jiragen sama na Birtaniya, Hawker Siddeley, ya riga ya yi rajistar wancan suna. A jami'ar Berkeley kuma Michael Stonebraker da Eugene Wong na gina nasu mai suna Ingres.

Wadda ta warware matsalar sauri, a ganina, ba a cika ambatonta yadda ya kamata ba. Sunanta Patricia Selinger, ita ma a ƙungiyar System R take. A shekara ta 1979 ita da abokan aikinta suka bayyana wata dabara: kafin na'ura ta amsa tambaya, sai ta fara ƙiyasta kuɗin kowace hanya, wane jadawali ne babba, wanne ne ƙarami, wanne ya kamata a fara buɗewa, sannan ta zaɓi mafi arha. Tamkar direban tasin nan ne da ya san inda cunkoso yake. Ba don wannan dabara ba, da alƙawarin Codd na cewa ka faɗi abin da kake so kawai ya tsaya a takarda. Lura da wani abu a nan mai sauraro: na'urar ba ta da tabbacin cewa hanyar da ta zaɓa ita ce mafi kyau, ƙiyasi ne take yi, kuma wani lokaci takan yi kuskure. Wato ƙa'idar lissafi ta samu shiga kasuwa ne a kan kafaɗar kintace.

Yayin da IBM ke jan ƙafa, wasu mutum uku, Larry Ellison da Bob Miner da Ed Oates, suka kafa ɗan ƙaramin kamfani a 1977. Sun karanta takardun da masu binciken IBM ke wallafawa a fili, suka gina nasu, suka kai kasuwa a 1979 da sunan Oracle. Wani abin dariya, fitowar farko sun kira ta ta biyu, don sun san kamfanoni na tsoron sayen abin da ba a taɓa gwadawa ba. IBM bai fito da nasa ba sai 1981, sannan DB2 a 1983. A 1981 ɗin ne aka ba Codd lambar yabo ta Turing, a 1986 kuma hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da SQL a matsayin harshen bai ɗaya.

Sai ka ce ai Codd ya yi nasara, ya kamata ya huta. Ina! Ransa a ɓace yake, domin abin da ake sayarwa da sunan tsarinsa bai cika sharuɗɗansa ba. A lissafin Codd, jadawali ba ya ɗaukar layi biyu masu kama da juna sak. SQL kuwa ya yarda da hakan, saboda tace maimaici na bukatar na'ura ta jera komai ta kwatanta, aiki mai cin lokaci, don haka aka bar wa mai tambaya ya nemi a tace idan yana so. Kazalika kowane kamfani ya shiga liƙa wa tsohuwar hajarsa sunan tsarin Codd don ta sayu. A watan Oktoban 1985 ya wallafa sharuɗɗa a jaridar Computerworld, waɗanda aka fi sani da dokoki 12, ko da yake 13 ne don ya fara ƙirga daga sifiri. Ya auna manyan hajojin lokacin da su, babu wadda ta cika duka, har da ta tsohon kamfaninsa. Kasuwa ta ji, ta ci gaba da cinikinta.

Akwai wata taƙaddama da na ga ya dace mu ɗan daɗe a kanta, domin ta shafe mu kai tsaye. Me za a rubuta a gurbin da ba a san amsarsa ba? SQL na da wata alama da ake kira NULL, ma'ana babu bayani. Ba sifiri ba ce, ba kuma fanko ba ce. Matsalarta ita ce tana rikita hankalin na'ura: tambaya ba ta tsaya a e ko a'a ba, an samu amsa ta uku, wato ba a sani ba. Ka ce a kawo maka waɗanda suka haura shekara 40, sannan a kawo waɗanda ba su haura ba, ka haɗa biyun, sai ka tarar ba su kai adadin mutanen da ke rumbun ba, domin waɗanda ba a san shekarunsu ba sun faɗi ta tsakiya. Codd ya yarda da alamar, daga baya ma a littafinsa na 1990 ya ce biyu ake bukata: ɗaya ta abin da akwai shi amma ba a sani ba, ɗaya ta abin da bai shafi mutumin ba sam. Abokin aikinsa na kusa, Chris Date, ya ce a'a, a kore ta baki ɗaya. Malamai biyu na makaranta ɗaya ke nan, sun kasa daidaitawa.

To yanzu ka tuna da iyayenmu da kakanninmu da aka haifa ba a asibiti ba, waɗanda ke lissafin shekarunsu da shekarar fari ko ta naɗin wani sarki. A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, kamar Nijar da Chadi da Kamaru, tsofaffin takardu kan rubuta cewa an haifi mutum wajajen shekara kaza, kuma wannan ita ce gaskiyar magana. Amma mai tsara rumbun bayanai da ke zaune a Turai ko Amurka ya sa doka cewa gurbin ranar haihuwa ba ya zama babu komai, dole rana da wata da shekara. Ma'aikaci na gaban na'ura, layi ya yi tsawo, me zai yi? Sai ya buga 1 ga Janairu. Shi ya sa za ka tarar da ɗimbin baƙi da 'yan gudun hijira a Amurka da Turai duk ranar haihuwarsu ɗaya a takarda. An kiyaye doka, rumbu ya cika tsaf, amma abin da ke ciki ba gaskiya ba ne, kuma yanzu ba mai iya bambance wanda aka haifa ranar da gaske da wanda aka laƙaba wa.

Haka batun suna. Fom ɗin Bature na da gurbin sunan yanka da gurbin sunan iyali, domin a can iyali kan riƙe suna guda har jikoki. Mu kuwa na biyun sau da yawa sunan uba ne, ko na gari, kamar yadda ka sani a Aminu Kano da Shehu Shagari. Ɗa da uba sai su zo da suna na biyu dabam dabam. Ga rubutu kuma: wanda aka rubuta wa Muhammadu a Kano, ɗan'uwansa a Maraɗi Mahamadou aka rubuta masa, a Kumasi kuma Mohammed. Ga haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda tsofaffin na'urori ba su san da su ba. Wanda ya taɓa fama da gyaran suna a Najeriya, don abin da ke lambar BVN ta banki, wadda aka ƙaddamar a 2014, ya saɓa da abin da ke lambar NIN ta ɗan ƙasa, ya ɗanɗani ainihin cutar da Codd ya bayyana: gaskiya ɗaya an rubuta ta a rumbu biyu, kowanne na faɗar tasa. A nan kam Codd ne ke da gaskiya. A batun ranar haihuwa kuwa, tsaurin doka ne ya haifi ƙaryar.

Su ma masu aiki sun gano wuraren da maimaici ke da amfani. Koma shagonka. Idan littafin ciniki bai ɗauki farashi ba, yana dogara da littafin kaya kawai, ranar da ka ƙara kuɗin atamfa sai duk tsofaffin rasiɗai su canza, wanda ya saya bara ya wayi gari bashinsa ya ƙaru. Dole a kwafi farashin ranar a kan rasiɗin. Idan ka duba da kyau ma wannan bai saɓa wa Codd ba, domin farashin ranar ciniki wata gaskiya ce dabam da farashin yau, sai dai ɗalibi mai haddar ƙa'ida ba tare da sanin kasuwa ba yakan faɗa ramin. Wani misalin kuma saɓawa ce ta gangan. A ƙa'ida bai kamata banki ya ajiye jimillar kuɗin da ke asusunka ba, tunda ana iya samunta ta hanyar tara duk abin da ya shiga a cire duk abin da ya fita. Amma wa zai jira a tara cinikin shekara 20 duk lokacin da ya sa kati a na'urar cirar kuɗi? Sai a ajiye jimillar, a kuma ɗauki nauyin tabbatar da cewa duk shiga da fita an gyara ta a lokaci guda, ko duka su faru ko kada ko ɗaya ya faru. Jim Gray, wanda ya samu lambar Turing a 1998, a kan wannan fanni na tabbatar da ciniki ya yi suna.

A shekarun 1990 manyan kamfanoni suka fara raba gida biyu. Rumbun cinikin yau da kullum a tsefe shi yadda Codd ya ce, domin a nan ake rubutu da gyara. Rumbun nazari kuma, inda manaja ke tambayar me aka sayar a shekara 5, a cakuɗa shi da gangan don amsa ta zo da sauri. Littafin Ralph Kimball na 1996 ya yaɗa wannan salo sosai. Hujjar mai sauƙi ce: illar maimaici na fitowa ne a lokacin gyara, rumbun da ba a gyara shi sai dai a karanta kuwa, illar kaɗan ce.

Codd ya rasu a watan Afrilun 2003 a jihar Florida yana da shekaru 79, daidai lokacin da intanet ke shirin girgiza gininsa. Kamfanoni irin su Google da Amazon sun kai girman da kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗaukar bayanansu, sai dubbai, a nahiyoyi dabam dabam. A shekara ta 2000 Eric Brewer na jami'ar Berkeley ya gabatar da wani hasashe, wanda Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da lissafi a 2002: idan layin sadarwa ya yanke tsakanin rumbunanka, dole ka zaɓi ɗaya, ko ka dakatar da amsa har layi ya dawo, ko ka ci gaba da amsawa da sanin cewa rumbunan na iya saɓa wa juna. Kamar kana da shago a Kumasi da wani a Accra, waya ta ɗauke, ga mai saye na son turmi na ƙarshe. Ka sayar, wataƙila ɗan'uwanka ma ya sayar da shi a can. Ka ƙi, ciniki ya wuce ka.

Amazon ya zaɓi ciniki. A wata maƙala ta 2007 a kan tsarinsu mai suna Dynamo, injiniyoyinsa sun bayyana cewa kwandon sayayya ba ya ƙin karɓar kaya ko da wasu na'urori sun mutu, daga baya sai a haɗa kwafe-kwafen. Sun kuma faɗa ƙarara cewa sakamakon haka, abin da mai saye ya cire daga kwando na iya sake bayyana. Sun auna, sun ga gara wannan ɗan abin haushi da a rasa ciniki. Google ma ya bayyana nasa mai suna Bigtable a 2006, kuma zuwa 2009 an samu wani yayi da aka laƙaba wa NoSQL, inda matasan injiniyoyi da dama suka ɗauka zamanin jadawali ya wuce. Kamfanonin da bayanansu ba su cika faifai ɗaya ba ma suka bi sahu, don kawai manya sun yi.

Ba a daɗe ba aka fara jin jiki. Aikin da rumbu ya daina yi, na hana bayanai saɓa wa juna, bai ɓace ba, ya dawo kan masu rubuta manhaja ne, kowa na yin nasa, kowa na yin nasa kuskuren. Abin da ya dace da kwandon sayayya bai dace da asusun banki ba. Shi kansa Google, a shekara ta 2012, ya bayyana wani sabon tsari mai suna Spanner, wanda ya dawo da jadawali da tabbacin ciniki, daga baya kuma da cikakken SQL, a kan na'urori da ke warwatse a duniya. Masu aikin sun ce sun gwammace injiniyoyinsu su yi fama da ɗan jinkiri a inda ya taso, da su riƙa kewaye-kewaye saboda rashin tabbaci. Don cimma haka sai da suka girka agogunan atam da na'urorin karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam na GPS a cibiyoyinsu, domin duk na'urorin su yarda da ƙarfe nawa, kuma kafin a tabbatar da kowane rubutu na'ura kan ɗan dakata na wani ƙanƙanin lokaci har shakkar agogo ta wuce.

Shi kuwa IMS, tsohuwar bishiyar nan ta zamanin Apollo da Codd ya so a sare tun 1970, IBM na ci gaba da sayar da shi, kuma wasu manyan bankuna da kamfanonin inshora na ci gaba da gudanar da ciniki a kansa.